Kwalbar Da Na Sayo Da Hannuna

A lokacin da wannan abu ya faru ni matar aure ce mai 'ya ɗaya, haifaffiyar Kano, wadda ba ta taɓa wuce Kaduna ba sai ranar da jirgi ya sauke ta a Kuala Lumpur. Mijina malamin jami'a ne, gwamnati ta turo shi karatun digiri na uku, ni kuma na biyo shi da goyo. Muna zaune a unguwar Bukit Jalil, a wani dogon bene da Hausawa suka yi yawa a ciki, har idan ka shiga lif da yamma ƙanshin daddawa ne yake fara yi maka maraba. Ina yin zoɓo da kunun aya ina sayar wa ɗalibai, kuma an san ni da kunya da kawaici. Tarbiyyar da na tashi da ita ita ce mace ta rufa wa mijinta asiri ko me ya yi, kuma na riƙe wannan da hannu biyu. Ba zan ambaci sunan kowa ba, ba don sun cancanci sutura ba, sai don 'yata wata rana za ta iya karanta wannan shafi.

Mijina mutum ne mai farin jini. Idan limamin ƙaramin masallacin benenmu bai zo ba shi ake turawa gaba, saboda yana da murya kuma yana da hadda. Sababbin ɗalibai wurinsa suke zuwa neman shawara. Da karatu ya yi masa nauyi, malamin da yake duba aikinsa ya dinga dawo masa da shi, sai ya fara daɗewa a makaranta yana dawowa da wani wari da ban saba da shi ba. Ni da ban taɓa ganin giya ido da ido ba, sai na ɗauka maganin tari ne. Wata rana ina share sito na ɗaga buhun shinkafa, na ga kwalba a bayansa. Da na tare shi ya yi kuka, ya ce abokan karatunsa ne suka nuna masa don ya samu barci, ya rantse ya kuma rantsewa cewa ya daina. Rantsuwar ba ta kai ƙarshen wata ba.

Daga nan na samu sabon aiki bayan girki da raino. Idan ya shanye kwalba in naɗe ta a cikin famfas ɗin da yarinya ta ɓata, in sauka wani hawa daban in jefa a ɗakin shara, kada maƙwabta su gani. Kullum akwai kanumfari a aljihunsa don kashe warin baki, ni nake zuba masa. Turaren wuta kuwa na ƙona shi har sai da matan benen suka fara yi mini tsiya wai amarci nake sabuntawa. Ranar Juma'a idan maza suka ƙwanƙwasa ƙofa don su tafi masallaci tare, in buɗe kaɗan in ce ciwon kai na ɓari ɗaya ya kwantar da shi, alhali yana kwance a falo ya yi tatil. Su yi masa addu'ar samun sauƙi su wuce, ni kuma in rufe ƙofa in ɗauko tsumma da bokiti. Ina yin duk wannan ina jin kaina mace tagari, kuma na yi imani Allah yana rubuta mini lada.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ranar da ya faɗi a banɗaki da rana tsaka, yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa. Ta juyo ta tambaye ni da Turancinta na 'yan makarantar can me ya sa Daddy yake barci a ƙasa. A ranar na ɗauki waya na shiga neman inda ake taimakon masu irin wannan lalura. Na tarar akwai tarukan da mashaya suke yi tsakaninsu, waɗanda suka daina da waɗanda suke son dainawa, su zauna su faɗi damuwarsu su ƙarfafa wa juna gwiwa. Ba a biyan kuɗi, ba a tambayar fasfo, ba a rubuta sunan kowa. Mafi kusa da mu a wata unguwa mai suna Cheras ake yin sa, ranar Asabar bayan azahar, kuma iyalan mashayi ma suna iya zama su saurara. Abu ɗaya ne ya sa na yi jim: ɗakin da suke haya yana cikin harabar wata coci, ta baya. Da na gaya wa mijina ya ce zai je, amma sai na fara zuwa na leƙo masa, idan akwai ɗan Najeriya ko ɗaya a wurin to shi ba zai taka ba. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa fuskarsa take da daraja tawa ba ta da ita ba, na ce to.

Na saka hijabina har ƙasa, na hau jirgin ƙasa na cikin gari da ake kira MRT na tafi. Ɗaki ne ƙarami mai kujerun roba da fanka, da butar shayi a gefe. Akwai wani dattijo Ba'indiye da yake buɗe zaman, da wata 'yar China mai furfura wadda ta miƙo mini shayi ta ce in zauna, babu wanda zai tambaye ni komai. Akwai wani matashi ɗan ƙasar da ya ja hula ya rufe rabin fuska. Babu ɗan Najeriya ko ɗaya. Na zauna na ji mutane suna faɗin abubuwan da na ɗauka a gidana kaɗai suke faruwa, har da ɓoye kwalba a bayan shinkafa. A wurin na koyi cewa wanda ya daina ba yawan sha ne yake kayar da shi ba, kurɓar farko ce, kuma babbar cutar da za a yi masa ita ce a ajiye masa abin a inda idonsa zai gani. Na dawo gida da murna na ba shi labari. Ya ce wannan Asabar ɗin yana da aiki, sai ta gaba. Ta gaban ma ya ce kansa yana ciwo. Ni kuwa na ci gaba da zuwa, saboda nan ne kaɗai nake ajiye numfashi ban yi wa kowa ƙarya ba.

A cikin matan Hausawan da suke can akwai wadda kowa yake kira Anti. Ta girme mu, ta daɗe a ƙasar, mijinta yana koyarwa a wata jami'a, ita kuma tana saro hijabai da dogayen riguna a kasuwar Chow Kit tana kaiwa gida. Duk wadda ta sauka sabuwa ita take nuna mata kasuwa, duk wadda ta haihu ita take shirya suna, kuma ita ce mai riƙe da guruf ɗin mata na waya. Saboda tana yawan zuwa Najeriya, ita ake ba wa saƙo, kuma ba kaya kaɗai take ɗauka ba, har labarin kowane gida. Wata Asabar tana cikin motar haya za ta wurin telanta a Cheras, ta hango ni ina shiga ƙofar cocin. Maimakon ta kira ni, da yake tana da lambata kuma ta sha cin tuwo a gidana, sai ta ɗauke ni hoto. Ta sauka ta tambayi mai gadi me ake yi a ciki, ya gaya mata taron mashaya ne. Kafin in dawo gida hoton ya shiga guruf, da dogon bayani na neman tsari da roƙon a sa 'yar'uwa a addu'a. Bayan ta tabbatar kowa ya gani sai ta goge, ta cire ni daga guruf ɗin.

Wata da ta ji tausayina ce ta nuna mini. Labarin ya rabu biyu: wasu sun ce giya nake sha, wasu sun ce addini na canza, masu ƙwazo suka haɗa duka biyun. Cinikin zoɓo ya tsaya cak, ana cewa wa ya san abin da take zubawa a ciki. Aka hana yara zuwa wasa da 'yata. Aka yi suna a benenmu na kai dambu, na dawo da shi yadda na kai shi, ko cokali ba a sa ba. Idan na shiga lif sai hira ta mutu. Ba a yi nisa ba labari ya isa Kano. Mahaifiyata ta kira ni tana kuka har ba na gane abin da take faɗa, mahaifina kuwa ya ƙi karɓar wayar, ya ce a gaya mini idan gaskiya ne kada in ƙara kiransa uba. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan rana ba.

Na sami mijina na ce ya fito ya faɗi gaskiya. Ya durƙusa a gabana, ya riƙe ƙafata, ya ce idan aka san shi ne hukumar da ta turo shi za ta janye tallafi, jami'arsa ta kore shi, wahalar shekaru ta tashi a banza. Ya ce saura kaɗan ya kare aikinsa a gaban malamai, da zarar ya gama zai tara mutane da kansa ya wanke ni. Kuma tsoro ya yi masa abin da kukana bai yi ba, domin daga ranar ya ajiye kwalba. Sati ya bi sati bai sha ba. Hannunsa ya yi ta rawa, ya yi ta gumi, ya yi ta faɗa ba dalili, sannan ya fara dawowa mutum. Ya koma jan salla, ya koma ɗaukar yarinya a kafaɗa zuwa kedai, wato ɗan kantin unguwa, sayen alawa. Sai na ce wa kaina idan ɓacin sunana ne zai zama sanadin shiriyarsa, to na ɗauka. Na ci gaba da sunkuyar da kai a lif ina jiran ranar da ya yi alkawari.

Matar yayansa ce ta fasa mini ƙwan. Ta kira ni a ɓoye ta ce ita dai ba ta yarda da abin da ake faɗa ba, shi ya sa take so in san halin da ake ciki. Ta ce da yayansa ya tambaye shi, bai ce ƙarya ne ba, cewa ya yi a taya shi da addu'a, yana haƙuri da ni ne saboda yarinya. Dangi duk sun ɗauka waliyyi ne mai zama da jarrabawa. Mahaifiyarsa Hajiya ta yanke hukunci cewa jikarta ba za ta tashi a hannun mashayiya ba, a haɗa yarinyar da Anti idan za ta zo gida, a kawo mata ita ta riƙe. Kuma mijina ya amsa. Har an yi maganar takardun da zai sa wa hannu. Da na tambaye shi ya kasa kallon idona, ya ce na ɗan lokaci ne, idan ya ƙi za a tambaye shi dalili. Na ce to idan an tafi da ita, ranar da zai wanke ni wa zai dawo mini da watannin da ba ta kwana a jikina ba. Ya ce in daina ɗaga murya maƙwabta suna ji.

Wannan kalma ta maƙwabta ce ta ƙarasa ni. Na kalle shi na ji duk wata soyayya da tausayi sun zube, babu abin da ya rage sai son in ga bayansa. Ba shi kaɗai ba, har Anti, har Hajiya, har duk macen da ta kau da kai daga dambuna. Na ci alwashin sai sun ji kunyar da na ji, a gaban mutanen da suka gan ni ina jin ta. Amma na san bakina ba zai yi mini aiki ba. Wa zai yarda da matar da aka gani a hoto tana shiga coci, idan ta ce mai jan salla ne mashayin? Kwalaben da za su yi mini shaida ni da kaina na kwashe su na zubar, warin ma ni na kashe shi da turare. Na yi aikin rufin asirin nan da kyau har na rasa abin da zan nuna. Ga shi kuma ya daina sha, ga tafiyar Anti tana ƙaratowa, har ta aiko a tambayi nauyin jakar yarinya. Sai sun gan shi da idonsu, kuma na san hanya ɗaya tak da hakan zai faru, domin an koya mini ita a ɗakin nan na Cheras don in kiyaye ta.

Ranar Alhamis na kai yarinya makaranta na wuce wani babban kanti nesa da unguwarmu. A ƙasar ba a sayar wa Musulmi giya, kuma sashen da ake ajiye ta daban yake, da mai karɓar kuɗinsa daban. Na shiga banɗakin kantin na cire hijabina na cusa a jaka, na yi ɗaurin ɗankwali irin na matan kudu, na fito wuyana a waje, abin da ban taɓa yi ba tun da na balaga. Na ɗauki irin kwalbar da na fi yawan naɗewa a famfas. Mai karɓar kuɗin ta dube ni ta tambaya ko ni Musulma ce. Na girgiza kai. Wannan girgiza kan ita ce abin da na fi neman gafarar Allah a kansa, domin abin da aka yi mini ƙazafi da shi ban yi ba, sai a ranar na musanta addinina da kaina a gaban wata baƙuwa. Amma ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, a lokacin ko ɗar ban ji ba. Na biya, na mayar da hijabina, na hau jirgi da kwalbar a ƙarƙashinsa kamar mai goyon gaba.

Da safiyar Juma'a ya shiga wanka, na ajiye ta a kan teburin karatunsa kusa da kwamfuta, na koma kicin na bar ƙofa a ɗan buɗe. Ya fito ya gan ta ya tsaya. Ya daɗe a tsaye da tawul a kafaɗa. Ya fita falo ya dawo, ya zauna ya dafe kai, ya tashi ya buɗe taga. Duk ina kallo, kuma taku kaɗan ne tsakanina da teburin, da na so da na ɗauke ta. Na tuna jakar 'yata da aka ce in haɗa, na ci gaba da yanka albasa. Da na ji ƙarar buɗe murfin sai na kunna famfo. Bai kira ni ba, bai tambayi daga ina ta fito ba. Jikin da ya kwana biyu bai gamu da ita ba bai ɗauke ta da sauƙi ba, kafin lokacin masallaci yana kwance a tsakiyar falo cikin amai, kwalbar tana gefen hannunsa. Ban ɗauko tsumma ba, ban kunna turare ba, ban ja labule ba.

Da maza suka ƙwanƙwasa na buɗe ƙofa har ta bugi bango, na ce su shigo su taimaka mini ban san abin da ya same shi ba. Mijin Anti ne a gaba. Suka shigo da fararen kayansu da dardumai a kafaɗa, wari ya tare su, suka tsaya cirko-cirko. Ɗaya ya ɗaga kwalbar ya ajiye da sauri. Mijina ya buɗe ido ya gan su, ya fara yi musu waƙa yana dariya, yana kiran mijin Anti da wani suna na raini. Na kira yayansa ta bidiyo na ce ya kai wa Hajiya wayar, na juya musu ita suka kalli waliyyinsu son ransu. Na ji salatin Hajiya na bar ta ta yi ta yi. Sannan na sauka da kaina gidan Anti, da yake a benenmu take, na kamo hannunta tana cewa me ya faru, na kawo ta har tsakiyar falon. Na ce mata tunda ta iya ɗaukar hoto ga abin ɗauka, kuma ta sa a guruf ɗin da bayani mai tsawo irin na wancan, kada ta manta da roƙon addu'a. Na gaya musu a tsaye abin da yake kai ni Cheras da wanda ya aike ni. A ranar yawancinsu ba su sami hudubar Juma'a ba.

Zan faɗi gaskiya, na ji daɗi. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba, na ci abinci na ƙoshi, na yi barci har da minshari. Maganar tafiya da yarinya ta mutu a take. Mahaifina ya kira ni da kansa yana neman in yafe masa. Matan da suke kau da kai suka dinga zuwa da kuloli, wannan farfesu, wannan waina, kowacce tana cewa ita dama ba ta taɓa yarda ba. Anti ta aiko da shinkafa da kaza, ta biyo baya da hawaye tana cewa sharrin shaiɗan ne. Na ce mata shaiɗan ba shi da waya mai ɗaukar hoto. A al'adarmu ba a mayar da kwano fanko, to ban mayar mata da shi fanko ba, na bar abincinta a ciki sai da ya kwana biyu, sannan na aika mata da kayanta yadda suke. Har na bar ƙasar ban ƙara amsa gaisuwarta ba, kuma ko yau na gan ta ba zan amsa ba.

Shi kuwa daga wannan kwalbar bai ƙara tashi ba. Da ya farfaɗo ya gane abin da ya faru, sai ya daina fita ko masallaci, ya koma sha ba ɓoyo tunda babu sauran abin ɓoyewa. Ranar kare aikinsa ta zo bai iya tsayuwa ba, aka ɗaga masa, ta sake zuwa bai je ba. Labari ya kai hukumar da ta turo shi, aka ce ya dawo gida. Sau ɗaya ya tambaye ni daga ina kwalbar ta fito, na kalle shi na ce ni na sayo. Bai zage ni ba, ya gyaɗa kai kawai, washegari ya ba ni takardata. Kafin mu taso na koma Cheras na zauna a kujerar roba, na ba su labarin duk abin da na yi ban rage komai ba. Na zaci za su kore ni. Dattijon nan ya ce hannun mijina ne ya buɗe murfin ba nawa ba, kuma kowa a ɗakin ya taɓa cutar da wanda yake so. 'Yar Chinan ta riƙe hannuna. Maganar dattijon gaskiya ce, amma ni ce na tsaya a kicin ina kallonsa yana kokawa da kansa, kuma na san kwalbar nake so ta yi nasara a kokawar.

Yanzu ina Kano a gidanmu, 'yata tana hannuna, tana makaranta, Hausa ta zauna a bakinta. Danginsa ba su da fuskar da za su nemi a ba su ita. Shi aikin jami'ar ya tafi, ina jin labarinsa a bakin mutane kuma ba labari ne mai daɗi ba. Yarinyar takan tambaye ni me ya sa Abbanta ba ya zuwa, in ce ba shi da lafiya, wanda ba ƙarya ba ne. Kwanakin baya Hajiya ta kira ni, muryarta ta tsufa. Bayan doguwar gaisuwa ta ce an yi rubutu an yi addu'a an kai shi asibiti, da ya fito sai ya koma. Ta ce ta ji irin taron nan da nake zuwa yana taimako, ko na san inda ake yi a nan ƙasar, ko zan bincika musu in je in gano. Na bincika, na aika mata da abin da na samu, don uban 'yata ne kuma ina da hannu a halin da yake ciki. Amma na ce mata zuwa ganowar ita za ta yi, da ƙafarta da hijabinta, kuma idan wani ya gan ta tana shiga ta yi haƙuri kamar yadda ta ce ɗanta yana yi da ni.

Abin da nake so 'yan'uwana mata su ɗauka, musamman waɗanda suke zaune a ƙasashen waje inda Hausawa kaɗan ne kuma idon kowa yana kan kowa, shi ne rufin asiri yana da iyaka. Idan mijinki yana sha, kada ki zubar masa da kwalba, kada ki yi masa ƙarya a bakin ƙofa, domin duk ƙaryar da kika yi masa igiya ce kike ɗaure kanki da ita. Ki gaya wa babba ɗaya daga danginki da ɗaya daga nasa tun da wuri. Tarukan nan suna nan kuma suna da amfani, ban ga komai a cikinsu ba sai alheri, amma mai lalurar ne zai shiga da fuskarsa, ke rakiya ce taki. Masu ɗaukar hoto kuma su ji tsoron Allah, kiran waya ɗaya da ya isa ya hana duk wannan. Ni ban yafe musu ba, ba zan yi wa kowa ƙaryar na yafe ba. Sai dai duk wadda aka kai bango ta tsaya ta duba abin da za ta rama da shi. Buɗe ƙofar nan ban taɓa nadamarsa ba, da za a dawo da ranar sai na ƙara buɗe ta. Kwalbar ce take hana ni sakewa. Na ƙwato sunana na ƙwato 'yata, amma uban da na hana ta shi ne wanda ya fara warkewa, kuma wata rana da bakina zan gaya mata haka.